Tun ran gini, ran zane: ɗakin ƙari a cikin gida, da iznin wa?

Jawabi kan dokokin fili da iznin gini a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

 

Maganar yau ƙarama ce ga ido: ɗaki guda, mita 4 kowane gefe, wanda mai gida kan ƙara a cikin gidansa. Yaro ya isa aure, sai a yanka masa gefe a tayar masa da ɗaki. Ɗiya ta fito daga gidan miji da goyo, sai a gyara mata wuri kusa da na uwarta. Tsohuwa ta gaza zaman ƙauye, ɗanta ya ɗauko ta. An turo malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti daga Yamai ko Damagaram ba shi da masauki, sai wani alhaji ya gina ɗaki da shigifa a bayan gida ya ba shi haya. Ɗan tireda ya fasa katanga ya fitar da ƙofar shago bakin titi. Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji zuwa Tsibiri, ya wuce Maraɗi ya faɗa Caduwa, Agye da Gazawa, zai ga irin wannan gini dama da hagu, wani na laka, wani na siminti.

Tambaya biyu ce ke rataye a ƙofar kowane ɗaki irin wannan. Da iznin wa aka gina shi? Ranar da mai gida ya kwanta dama, ko maƙwabci ya kai ƙara, ko ruwa ya zo, wa ke riƙe da takardar da za ta raba gardama?

Abin da ya sa maganar ta taso

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta samu mutum 245,996 a gundumar Agye, 160,536 a gundumar Gazawa, da 523,717 a gundumar Gidan Rumji. Jimilla 930,249 ke nan, daga cikin mutum 3,402,094 na jahar Maraɗi. A ƙidayar 1977 jahar gaba ɗayanta ba ta cika miliyan ɗaya ba. Ma'ana, jama'ar da gundumomi uku suka ɗauka a 2012 ta kusa kai yawan ta jahar duka shekara 35 kafin nan. Yawan mutanen Nijar a lokacin yana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, abin da ke ninka jama'a cikin ƙasa da shekara 20.

Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. A da, in gida ya cika, ƙane kan ɗauki gatari ya nufi daji ya sari sabon wuri, shi ya sa da yawa daga sunayen ƙauyukan yankin suka fara da Gidan wane ko Garin wane. Wannan daji ya ƙare. Binciken da Marthe Doka da Marie Monimart suka wallafa a 2004 a kan kudancin jahar ya nuna yadda ƙarancin gona ya kai har ana janye wa mata gamanar da suka saba nomawa. In gona ta yi wa iyali kaɗan, ba mai yarda a ci ta da gini. Abin da ya rage shi ne tsakar gida: inda rumbu yake, inda turken akuya yake, inda mata ke daka.

A kan wannan matsi aka samu ƙarin baƙi. Daga shekarar 2019 hare-haren ƴan bindiga a Sakkwato, Zamfara da Katsina suka koro dubban mutane zuwa wannan gefen iyaka. Kafin ƙarshen watan Satumba na shekarar, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da 40,000, kuma gundumar Gidan Rumji ce ta ɗauki kaso mai yawa. Kafin a buɗe matsugunan Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Shadakori, talakawa ne suka sauke su cikin gidajensu, suka kafa musu bukkoki da rumfuna. Ba wanda ya nemi izni, kuma ba mai hankalin da zai ce da an tsaya nema.

Fili ɗaya, iyayen giji uku

Dalilin ruɗani shi ne filin gida a ƙasar nan yana ƙarƙashin tsari uku da aka jibga ɗaya kan ɗaya, ba a taɓa kwashe na ƙasa ba.

Na farko shi ne na gargajiya. Tun kafa Tsibiri a 1836, da ma kafin nan, baƙo kan je wurin mai gari ko mai unguwa, a nuna masa wuri gaban shaidu, ya kewaye da darni. Abin da ke cikin darni mulkin mai gida ne. In an saɓa da maƙwabci a kan indararo ko katanga, dattawa da liman da sarkin magina su zo su duba. Fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar ke karantarwa ya yi dogon bayani a kan hana cutar da maƙwabci da gini, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar fili da hurumi tun farkon ƙarni na 19. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi sun yaƙi Sakkwato da takobi, amma a kan haƙƙin maƙwabci littafi ɗaya suke buɗewa.

Na biyu shi ne na Turawan Faransa. Dokar 26 ga Yuli 1932 ta tsara rajistar filaye a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu: fili ba ya zama cikakken mallaki a idon hukuma sai an auna shi, an kafa masa duwatsun iyaka, an shigar da shi babban littafi, an ba da takardar da ake kira titir fonsiye. Mutanen yankin nan sun ga wannan tsari da idonsu bayan ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maraɗi ya ci tsohon garin da ke cikin kwari, aka tayar da jama'a zuwa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu, aka yanka fili karre-karre. Daga nan kalmar lotisma ta shiga bakin mutane. Dokar 11 ga Yuli 1959 kan filayen gwamnati, da ta 24 ga Nuwamba 1961 kan karɓe fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya, duk a kan wannan tushe aka ɗora su.

Na uku shi ne na Nijar mai mulkin kanta, kuma shi kansa ya rabu biyu. A gefen karkara, jawabin Seyni Kunce na 18 ga Disamba 1974 ya bar gona a hannun mai noma ta, abin da ya faranta wa masu aro rai, ya kuma haifi shari'o'in da wasu suka yi shekaru ba su mutu ba. Ranar 30 ga Oktoba 1991, ana tsakiyar Babban Taron Ƙasa a Yamai, aka kashe fiye da mutum 100 a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, akasarinsu mata da yaran Fulani, a rikicin manoma da makiyaya. Bayan wannan musiba gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar da dokar tsarin karkara ranar 2 ga Maris 1993. Dokar ta ba haƙƙin gargajiya kariya daidai da haƙƙin takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye da kowa ya sani da sunan Kofo: na gunduma a ƙarƙashin purefe, na komin a ƙarƙashin magajin gari, na ƙauye a ƙarƙashin mai gari. A nan ake samun takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina.

A gefen birni kuwa, an yi dokar tsara birane a 1997, aka sake ta a 2008, aka sake a 2013, aka kuma sake a 2017, sannan a 2018 aka ƙara dokar gini da mazauni tare da ƙa'idojin ba da iznin gini. Doka biyar cikin shekara 21. Magini a Gangara ko Gidan Sori bai ji labarin ko ɗaya ba.

Su wa ke zartarwa? Komin, wato ƙananan hukumomi, waɗanda aka yi alkawarinsu tun zamanin Taron Ƙasa, aka yi zaɓensu a Fabrairun 1999 aka soke, ba su zauna da ƙafarsu ba sai bayan zaɓen 24 ga Yuli 2004. Gundumomin nan uku suna da komin 9. Agye, Gidan Rumji da Tsibiri na birni ne. Caduwa, Gazawa, Gangara, Shadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa na karkara ne. Gazawa ta zama gunduma a 2011, amma komin ɗinta ta ci gaba da amsa sunan ta karkara, alhali kasuwarta da gine-ginenta na gari ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rushe zaɓaɓɓun majalisun komin a watan Afrilu 2024, aka miƙa ragamarsu ga naɗaɗɗun kantomomi.

Ga inda gizo ke saƙa. An kafa Kofo ne domin gona, makiyaya, burtali da mashaya. An tsara iznin gini ne domin parsel ɗin lotisma mai lamba da takarda. Gidan gado na tsohuwar unguwa, wanda kaka ya kewaye tun ba a san awo ba, ya faɗa tsakani: shi ba gona ba, shi ba parsel ba. Kuma irin waɗannan gidaje ne suka fi yawa, su ne kuma aka fi ƙara wa ɗakuna.

Abin da takarda ke nema

Mai son bin doka sau da ƙafa, ga hanyarsa. Zai kawo shaidar mallakar fili, ko dai takardar sayarwa da ofishin magajin gari ke bayarwa bayan lotisma, ko titir. Zai kawo zanen da ke nuna inda filin yake a gari, da inda ginin zai zauna a cikin filin, da fasalin ginin kansa, da ƙiyasin abin da zai ci. Zai biya kuɗin takarda da na dubawa. Sai ma'aikatan tsara birane su duba, magajin gari ya sa hannu. A 2006 an sauƙaƙa samun titir da tsarin da aka raɗa wa suna Sheda, amma ko shi sai da awo da kuɗi da zirga-zirga.

Wannan hanya ta dace da alhajin da zai tayar da bene a Maraɗi. A ɗora ta a kan manomin da ya buga tubalinsa da hannunsa bayan kaka, ya sayi azara da kwano da kuɗin wake ko na aya, sai ta zama abin dariya: kuɗin mai zane kaɗai na iya kusantar kuɗin ɗakin. Komin da yawa na karkara ba su da ma'aikacin gini ko ɗaya na kansu; takarda sai ta tafi gunduma ko jaha, ta dawo ran da ta ga dama, damina kuwa ba ta jiran sa hannu.

Akwai kuma tsoron haraji. Talaka ya daɗe da koyon cewa duk abin da ya shiga littafin hukuma, wata rana zai dawo da takardar biya. Waɗanda suka ga zanga-zangar da dokar kasafin kuɗi ta 2018 ta tayar, da harajin mazauni da ta zo da shi, ba su manta ba. Saboda haka mai ɗakin haya ya gwammace ya ce ɗan'uwansa ne ke ciki.

Sakamakon shi ne doka mai barci. Kuma doka mai barci ta fi rashin doka haɗari, domin ba ta farkawa sai an tashe ta da gangan. Gari duka ya yi gini ba izni, amma ranar da mutum ya saɓa da mai iko, ko ya sa hular jam'iyyar da ba ta ci ba, ko wani mai kuɗi ya ƙyalla ido a kan wurinsa, ran nan ne za a tuna cewa shagonsa ba shi da takarda. Inda kowa mai laifi ne, hukunci ya zama zaɓi, zaɓi kuwa shi ke buɗe ƙofar na goro. Wannan ciwo bai san jam'iyya ba, bai san farar hula ko kaki ba.

Inda ɗaki ke zama masifa

Kada a ɗauka cewa tunda takarda ta yi nauyi, gara a bar kowa ya yi yadda ya so. Ɓarnar da ɗakin ƙari ke jawowa ta gaske ce, kuma ta kasu huɗu.

Ta farko, kuma mafi ɗaci, ita ce ta gado. A ɗauki misalin saurayin da ya yi shekara biyar yana bida a Legas, Agadas ko Libiya. Ya aiko da kuɗi, uba ya nuna masa gefe, aka gina ɗaki biyu na siminti da ƙofar ƙarfe, ginin da ya fi sauran gidan duka daraja. Uba ya rasu ya bar mata biyu da ƴaƴa goma sha ɗaya. Ranar rabo sai ƴan uba su ce gida na marigayi ne da duk abin da ke cikinsa. Kundin dokokin zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa yana ɗaukar duk ginin da ke kan fili a matsayin na mai filin, sai in an kawo hujjar akasin haka. A fiƙihu kuma kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta an riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma sai da shaidu. Shin uba kyauta ya yi, ko aro ya bayar? Shaidun sun tsufa, wani ya rasu, wani surukin ɓangare ɗaya ne. Sarki zai yi sulhu, domin doka ta ba sarakuna ikon sasantawa. In ya gagara a tafi gaban alƙali, wanda a sha'anin gado da filin da ba shi da titir yake hukunci da al'adar masu shari'a. Kafin a gama, zumunci ya mutu, kuɗin mota da na takardu sun ci rabin ɗakin.

Mace ta fi shan wuya a nan. Matar da ta gina ɗakinta a gidan miji da kuɗin ƙuli-ƙuli, adashi ko tumakinta, ranar saki takan fita da kwanoninta ta bar bango. Ranar mutuwar miji, tumunin da za ta raba da kishiyoyi ba ya lissafa cewa kwanon rufin nan guminta ne. Bazawarar da aka gina wa ɗaki a gidan uba tana zaune ne da yardar ƴan'uwa maza, yardar da kan ƙare ranar da aka samu mai sayen gida.

Ta biyu ita ce ta maƙwabci. Sabon ɗaki kan manne da katanga, indararonsa ya zuba a gidan wani, ruwa ya ci gindin bangon laka. Tagar ɗan haya ta leƙa tsakar gidan da matan kulle suke. Abin mamaki, a nan dokar Bature da ta malam bakinsu ɗaya: kundin da aka ambata ya wajabta wa mai gini ya zubar da ruwan rufinsa a filinsa ko a hanya, ya kuma hana buɗe taga mai kallon gidan wani kai tsaye in tazarar ba ta kai mita 1 da santimita 90 ba. Sai maganar masai. Gidan da aka yi wa salga ɗaya don mutum takwas yanzu yana ɗauke da ashirin. A haƙa ta biyu, sai ta matso rijiya, alhali masana lafiya na ba da shawarar tazarar mita 30. Jahar da ta ga kwalara a 2018, ta sake ganinta a 2021, ba ta da hujjar yin wasa da wannan.

Ta uku ita ce ta hanya. Kowa ya ci taku ɗaya na titi da dakalin shago, na gaba ya ci biyu, har lungun da amalanke ke wucewa ya koma sai mutum ya karkata. Mafi muni, a toshe hanyar ruwa, ko a cike tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar gina unguwa a cikinsa, a yi ɗaki a kai. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Daminar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma da yawa daga mamatan gini ne ya faɗa musu.

Ta huɗu ta shafi ma'aikata kai tsaye. Ma'aikaci shi ne ɗan haya in an tura shi ƙauye, shi ne kuma mai ba da haya in ya koma garinsu. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashi da filaye. Wasu sun sayar, wasu sun gina ɗaki ɗaya-ɗaya suna jiran ritaya. Ɗakin da ba shi da takarda banki ba ya karɓarsa jingina, kuma in aikin hanya ya biyo ta kansa, mai shi ne ke da rauni wurin neman diyya.

Yadda wasu suka yi

Faransa, wadda aka kwaikwayi dokokinta, ba ta auna bukka da bene da mudu ɗaya. A can ƙaramin ginin da bai wuce murabba'in mita 5 ba, a mafi yawan wurare, ba ya bukatar komai. Daga 5 zuwa 20 sanarwa ce kawai ake kai wa ofishin magajin gari, in wata ɗaya ya wuce ba amsa an yarda ke nan. Cikakken izni sai abin da ya fi haka. Ɗakin mita 4 kowane gefe murabba'in mita 16 ne.

A jahar Kalifoniya ta Amurka, tsadar gidaje ta tilasta wa majalisa ta sassauta dokar ƙaramin gida a bayan babban gida a 2016, ta ƙara sassautawa a 2019, har ta ɗaure ƙananan hukumomi da wa'adin kwana 60 na ba da amsa. Izni da ake bayarwa ya tashi daga dubu ɗaya da ƴan kai a 2016 zuwa fiye da 20,000 a 2022. Da ƙofa ta faɗaɗa, masu bin ta suka ƙaru.

Amma ba sai an je nesa ba. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, akwai darasin da ya fi waɗannan kusa. Lokacin da itacen gona yake tamkar na ma'aikacin daji, manomi kan tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo masa tara. Da aka sakar wa manoma mara, suka rungumi sassaben zamani, suka kafa kwamitocin tsaro da maza da mata da makiyaya a ciki, suka yi ƙa'idojinsu da kansu, sai gonaki suka cika da gawo da kalgo, har baƙi daga ƙasashen waje na zuwa kallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abin da ya kamata a yi

Na ɗaya, kowace komin ta fara da abin da ba a taɓawa. A bi gari da ƙafa, da masu unguwanni da dattawan da suka san inda ruwa ke bi, a kafa alamu a hanyoyin ruwa, kududdufai, burtali, faɗin titi, filin makaranta da maƙabarta. A karanta jerin a rediyon gari da Hausa da Fulatanci, a manna shi a ƙofar ofishi. Wannan aiki bai fi ƙarfin kasafin kowace komin ba.

Na biyu, a raba gini mataki uku. Bukka, rumfa da ƙaramin ɗakin laka na iyali: a sanar da mai unguwa da maƙwabcin da katanga ta haɗa, shi ke nan. Ɗakin siminti, ɗakin haya da shago mai ƙofa a titi: takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, kuɗi ƙayyadadde da aka rubuta a bango, da rasit, da wa'adin kwana 15 wanda in ya wuce ba amsa an yarda. Bene da babban gini: cikakken izni da zanen gwani. Wannan sai an taɓa ƙa'idoji a Yamai, kuma ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago suna da bakin da za su nema.

Na uku, abin da za a duba a mataki na biyu kada ya wuce huɗu: ina indararo zai zuba, ina taga ke kallo, ina masai yake daga rijiya, kuma an ci titi ko ba a ci ba. A horar da magina a kan waɗannan, a sa sarkin magina cikin masu dubawa, domin shi ake kira tun kafin a haƙa tushe.

Na huɗu, takardar iyali. Kafin a aza tubalin farko, mai gida ya faɗa gaban shaidu biyu da mai unguwa: wurin nan kyauta ne ko aro, wa ya biya ginin, me zai faru ranar rabo. A rubuta, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe kofi, a ajiye ɗaya wurin Kofo ko ofishin komin. A rubuta sunan mace in ita ta gina. Wannan ba ya jiran sabuwar doka. Ana iya fara shi gobe da safe.

Na biyar, tsofaffin unguwanni a ba su shaidar zama a yadda suke, ba tare da rusa ko ɗaya ba sai wanda ya hau hanyar ruwa, shi ma bayan an nuna masa wani wuri. Kuma hukuma ta yi alkawari a rubuce cewa wanda ya bayyana ɗakinsa ba za a bi shi harajin shekarun baya ba.

Na shida, lissafi a fili. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, duk wata uku a manna yawan takardun da aka karɓa, waɗanda aka amsa, waɗanda aka ƙi da dalilin ƙi, da kuɗin da ya shiga. Haka ma parsel nawa aka yanka a kowane lotisma, nawa aka ba masu gonakin da aka cinye, nawa aka sayar, kuma ga wa.

Ɗan kasuwar da ba ya ba da buhun gero bashi sai ya rubuta a littafi, bai kamata ya zuba miliyan biyu a filin da ba a rubuta sunan kowa ba. Ma'aikacin da takardun jama'a ke kwana a teburinsa ya tuna cewa shi ma wata rana zai tsaya a gaban teburin wani da tasa a hannu. Sarakuna da malamai kuwa, su ne ake tayarwa da dare in rabon gado ya rikice, don haka su suka fi kowa riba in an rubuta tun uba yana zaune a zaurensa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare gidaje daga ruwa da wuta, ya kiyaye zumunci daga sharrin gado.